Tukunyar Gas ta Saratu

Tukunyar gas ɗin da zumuntar matan coci ta ba Saratu ta zama kujera. A kanta take zama kullum a bakin titin Sabon Tasha, ta rufe ta da tsohon buhu, tana juya masara a kan garwashin gawayi. Tun da gas ɗin farko ya ƙare ba ta iya sake cika ta ba. Mijinta Nathan yana gida tun da masana'antarsu ta rage ma'aikata, masarar nan ke ciyar da su.

Safiyar Asabar ɗin nan zama ya gagare ta. Ta tashi ta gyara wuta, ta zauna, ta sake miƙewa ta leƙa hanyar coci. A gefenta akwai leda, a ciki farar riga mai hoton itace. Shugabar zumunta, Madam Vicky, ita ta kawo mata rigar da kanta a mota daga Kamazou.

"Maman Faith, ke za ki ba da waƙa a tattakinmu na hana sare itatuwa," in ji ta ranar. "Daga coci za mu tashi, mu bi ta wurin masu gawayi, su ji da kunnensu."

"Madam, Asabar ce fa. Ranar ciniki."

"Yini ɗaya ne kawai. Ba ke ce kika sa mu hawaye da labarin garinku ba?"

Ita ce kuwa. Da Kirsimeti ta je gida, ta nemi itatuwan kaɗanyar da take bin mahaifiyarta tsinta a ƙarƙashinsu, ta tarar da kututture da tudun ƙasa na masu ƙona gawayi suna hayaƙi. Rafin bayan gari ya ƙafe tun kafin lokacinsa. A motar dawowa ta ƙaga waƙar, ba wanda ya sa ta.

Amma da sassafe yau, kamar kullum, wurin Malam Zakariyya'u mai gawayi ta fara zuwa. Shi ke tara mata gutsattsarin ƙasan buhu, yana ba ta a farashin da ba ya ba kowa.

"Maman Faith, an ce yau ke za ki zo ki yi mana waƙa," ya ce yana dariya. "Ki rera a hankali dai, kada yarana su ji wai ubansu ne ya cinye daji."

"Wa ya gaya maka?"

"Kasuwa ce. To in kun hana gawayin, da me za ki gasa? Da farar riga?"

Ya ƙara mata hannu guda a kan abin da ya auna. Ta karɓa ta kasa kallonsa. In ta tsaya yau a gaban rumfarsa ta ɗaga murya, da wane ido za ta dawo gobe da bokitinta?

Hantsi ya yi sai ta jiyo kiɗan tulu da caki daga nesa. Ta jawo rigar daga leda, yatsunta suka bar baƙin shaida a kafaɗar. Ta goge, abin ya ƙara yaɗuwa. Ta miƙe da rigar a hannu, ƙafa ɗaya a kan kwalta. Can ta ji ƙaurin masara a bayanta. Ta dubi hanya, ta dubi buhun ɗanyar masarar da in ta kwana ba mai saye. Ta cusa rigar a leda, ta koma ta zauna.

Matan suka zo wucewa farare tas, da lema da gorunan ruwa. Wata ce ke ba da waƙar, ta ɗauke ta sama da yawa, amshin yana tsinkewa. Saratu ta sunkuya tana fifita wuta, leɓɓanta suna motsi, suna gyara inda aka ɓata.

Bayan azahar suka dawo a gajiye. Madam Vicky ta tsaya a gabanta, gumi ya jiƙa mata riga.

"Mun neme ki, Maman Faith."

"Madam, wuta ta riga ta kama."

Madam Vicky ta dubi garwashin, ta dubi ledar. "Ƙafafuna sun mutu," ta ce. "Ara mini kujerarki."

Saratu ta tashi. Buhun ya zame kaɗan, ƙarfen ya bayyana da tambarin zumunta a jikinsa. Madam Vicky ta gani. Ta ƙwanƙwasa shi da zobenta, ya yi ƙarar abin da babu komai a ciki. Ta ja buhun ta rufe, ta zauna a hankali.

"Zaɓo mini wadda ta gasu sosai."

Sauran matan suka kewaye wutar, kowa na miƙo hannu, tun safe ba su ci komai ba. Kafin rabinsu su samu, garwashin ya zama toka.

"Ku ɗan jira ni," in ji Saratu.

Ta ɗauki bokiti ta nufi rumfar Malam Zakariyya'u da sauri. Sai da ta yi nisa ta lura tana rera waƙar ƙasa-ƙasa, a daidai muryar da ta dace.