Ɗakin Sanyin Bakin Gada

Gwadabe ne shugaban masu sayar da kifi a bakin gadar Wudil lokacin da mutanen wani shirin kare muhalli suka zo. Wata mata mai suna Khairiyya ce ke jagorantarsu, ma'aikaciyar wata ƙungiya da ke karɓo tallafi daga ƙasashen waje. Ta tara su a rumfar ƙungiya ta yi musu bayani dalla-dalla. Ta ce akwai wani mayafi na iska can sama, ozon ake kiransa, shi ke tace ƙunar rana kafin ta iso kan mutane, kuma gas ɗin da ke cikin tsofaffin firizojinsu yana cin mayafin nan kamar yadda gara ke cin azara. In suka ba da firizojin aka lalata, za a gina musu ɗakin sanyi mai aiki da sola.

Yawancinsu ba su so ba. Isyaku, wanda ya fi kowa daɗewa a sana'ar, ya ce firizarsa ta tsufa amma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Gwadabe ne ya bi su gida-gida yana lallashi. Shi maganar ta shige shi, domin yanar ido ce ta makantar da mahaifiyarsa, Khairiyya kuma ta ce lalacewar mayafin na ƙara yawan irin wannan ciwo. Shi ya fara ɗora firizarsa a motar shirin, sauran suka bi bayansa.

Ranar buɗe ɗakin, Alhaji Ubaidullah, wakilin kamfanin sinadaran da ya zuba kuɗi a shirin, ya yi doguwar magana a kan haƙƙin jikoki. Aka yi tafi, aka ɗauki hotuna. Damina da kaka suka wuce lafiya, karfasa da ragon ruwa na kwana cikin sanyi ba fargaba.

Da bazara ta kama, sanyin ya fara ja da baya. Tasi'u mai gyaran firji ya duba ya ce bututu ne ya tsage, gas ya zube. Ya liƙe wurin, amma ya ce irin gas ɗin ba ya kasuwa, injin kuma ba ya karɓar wani sai na kamfanin nan. Gwadabe ya kira Khairiyya. Ta ce wa'adin shirin ya ƙare, ita ma an mayar da ita wani aiki a Abuja. Murya ƙasa-ƙasa ta gaya masa ba su suka zaɓi injin ba, sharaɗin kamfanin ne kafin ya saki kuɗinsa.

Washegari Gwadabe ya hau mota zuwa shagon kamfanin a Kano. Alhaji Ubaidullah ya tarbe shi hannu bibbiyu, suka gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa, sannan ya ce gas ɗin ya yanke, sai jirgin ruwa ya iso, wataƙila bayan Sallah. Da ya ga fuskar Gwadabe ta canza, sai ya ja shi zuwa ɗakin ajiya a bayan shago. Firizoji ne jere, an yi musu sabon fenti, ga tukwanen tsohon gas jingine da bango. Gwadabe ya tsaya a gaban ɗaya. Murfinta na da lotsawar da ya sani, tun ranar da buhun ƙanƙara ya suɓuce masa.

"Alhaji, ba waɗannan aka ce za a lalata ba?"

"Malam Gwadabe, kamfaninmu ne ya yi gas ɗin da, shi ya yi na yanzu. Abin da kasuwa ta nema shi muke ba ta. In kana son ɗaya, in sa a kai maka har Wudil."

Bai saya ba. Kafin kasuwar Juma'a kifin da ke ɗakin ya ruɓe, sai rami suka haƙa masa a gefen kogi. Gwadabe ya tara 'yan ƙungiya ya faɗa musu abin da ya gani, bai rage komai ba. Ba wanda ya zage shi. Isyaku dai ya miƙa hannu ya karɓi makullin ɗakin sanyin daga wurinsa. Cikin makonnin da suka biyo, ɗaya bayan ɗaya suka je Kano suka sayo firizojinsu. Gwadabe ya ƙi zuwa. Ya koma yin banda a bayan rumfa, kullum idanunsa jajur saboda hayaƙi.

Bara wasu sababbin baƙi suka zo da farar mota. Suka ce gas ɗin ɗakin sanyin ba ya taɓa ozon, amma an gano yana ɗumama duniya, don haka an samo sabon tallafi na sabon inji. Isyaku ya nuna musu Gwadabe, ya ce ga mai iya shawo kan jama'a can. Ɗaya daga cikinsu ya ƙarasa wurin murhu, ya gaishe shi da ladabi, ya fara bayani. Gwadabe ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi wa zai riƙa sayar da gas ɗin sabon injin. Mutumin ya duba wayarsa, ya faɗi sunan kamfanin su Alhaji Ubaidullah.

Gwadabe ya juya kifin da ke kan ragar murhu, ya ƙara itace.

"Ka ɗan matsa baya," in ji shi. "Hayaƙi zai ɓata maka riga."