Ɗorawar da Ta Ɓace a Hoto

Awaisu ba malalaci ba ne, in ka tambaye shi. Abin da dai ba ya so shi ne taɓo ya taɓa masa takalmi, ga shi kuwa aikin malamin gona ya samu a wani kamfanin iri da ke Funtuwa, kuma a tsakiyar damina. Gwaji aka ɗauke shi. In ya yi abin kirki a tabbatar da shi bayan girbi, in bai yi ba ya koma zaman majalisa.

Aikinsa ɗaya ne: ya riƙa leƙa gonar gwaji da ke Ƙarfi, ya aiko da rahoto da hoto duk mako. Gonar ta Malam Sada ce, wani dattijo mai sanyin hali, wanda Awaisu ya cika da daɗin baki har ya shuka sabon irin masara a gonarsa kakaf, bai bar ko kunya ɗaya ga dawa ba.

Shugabar sashen, Hajiya Naja'atu, ta sa musu manhajar ƙirƙirarriyar basira a wayoyinsu, ta kuma ja musu kunne.

"Ta gyara muku Turanci, ta tsara muku rahoto, ban hana ba. Amma ita ba ta zuwa gona. Abin da idonku bai gani ba, kada in gan shi a teburina."

Awaisu ya fi kowa gyaɗa kai. Sai ruwa ya ɓata hanya, ya ce bari ta sha iska. Hanya ta sha iska, ya ce bari babur ya huta. Rahoto kuwa bai taɓa makara ba, daga kan benci a shagon mai shayi yake fita, da Turanci mai santsi.

Ranar da ya ga dama ya je, sai ya tarar da ɓarna. Tsutsa ta shiga masarar, ta huda ganye ta ko'ina, ta zauna a tsakiyar kowane kara tana ci hankali kwance.

"Na yi ta kiran wayarka, ɗana," in ji Malam Sada, ba ko faɗa. "Ka ce wa Hajiya a taimaka da maganin feshi."

"An gama, Baba. Tsaya nan in ɗauke ka hoto."

Maganin yana nan jibge a sito a Funtuwa, kalma ɗaya za ta fito da shi. Amma kalmar nan ita za ta tona cewa rahotannin baya duk na shagon mai shayi ne. Sai ya yi wa kansa alkawari zai sayi maganin da kansa in an yi albashi, ya zauna a gindin ɗorawar da ke tsakiyar gonar ya buɗe manhajar, ya ce ta gyara masa hoton.

Ita kam ta yi iya nata. Ta ce masa in ta canza hoton ya daina zama shaidar abin da ke gona, kuma in rahoto za a sa shi, ya kamata a faɗa an taɓa shi. Awaisu ya rubuta mata cewa na ado ne, zai sa a ɗaki. Ya ce ta cika gonar da masara ta ko'ina, kore shar, kada a ga wani abu sai masara.

Ta kuwa cika. Masara ta yi goyo bibbiyu. Malam Sada ya samu sabuwar hula da ɗan tumbi. Ɗorawa kuma, tunda ba masara ba ce, ta tafi.

Hoton ya yi kyau fiye da yadda Awaisu ya so. Hajiya ta yaba masa a gaban kowa, ta sa aka buga shi ƙato a kan tamfol, aka kafa a rumfar kamfani ranar kasuwar Malumfashi. Manoma suka yi dafifi suna tambayar irin. Awaisu na tsaye a gefe cikin farar shadda, yana amsa gaisuwa.

Can sai ga Gwaggo Tsohuwa da ƙwaryar daddawarta a ka. Tsohuwa sunanta ne tun tana cikin zanen goyo, yanzu dai shekaru sun cim ma sunan. Ƙanwar mahaifin Malam Sada ce. Da aka raba gadon ubansu, gona ta faɗa wa ɗan'uwanta, ita kuma aka ba ta ɗorawar da ke ciki. Duk Ƙarfi an san haka: ƙasa ta Sada, itace na Gwaggo. Da kalwar itacen nan take daddawa, da ita ta aurar da 'ya'yanta.

Ta tsaya gaban hoton, ta ƙanƙance ido. Ta gane Sada duk da tumbin. Ta gane surin da ke kusurwar gabas. Ta duba inda ya kamata, ta sake dubawa. Sai ta sauke ƙwarya a hankali, ta ɗora hannu a ka, ta kurma ihun da ya tsayar da cinikin awaki.

"Sun sare ta! Wayyo ni, Sada ya sare mani ɗorawa!"

Awaisu ya matso da sauri. "Gwaggo, ki yi haƙuri, hoto ne kawai."

"Hoto ne mi? Hoto na ƙarya ne? Ga Sada, ga suri, ina itacena? Kai ne ɗan kamfanin ko? Ku kuka ba shi gatari!"

Nan fa Awaisu ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce hoton gaskiya ne, an sare ɗorawa. In ya ce ɗorawa na nan, hoton ƙarya ne, ga Hajiya a bayansa tana sauraro. Sai ya ce wataƙila masarar ce ta yi tsawo ta rufe ta. Wani mai sayar da buhu ya ce in dai akwai masarar da ke rufe ɗorawa, a auna masa tiya goma yanzu.

Gwaggo ta ce ba ta san zance ba, sai an kai ta. Hajiya Naja'atu, wadda ta ƙi jinin a ce kamfaninta na sare itacen mutane, ta buɗe mata gaban mota. Awaisu ya shiga baya. Masu babura suka biyo su don kada a ba su labari.

Tun daga nesa aka hango ɗorawa tsaye, ko reshe ba ta rasa ba. Gwaggo ta sauko ta zagaya ta, ta shafa ta, ta yi hamdala, sannan ta juya ta harari Malam Sada da ya taso da fartanya, don ko ba komai ya tsaya an ɗauke shi a gonar da babu itacenta.

Hajiya ba ta kalli itace ba. Ta shiga cikin kunyoyi, ta ɓare tsakiyar kara ɗaya, ta ɓare na biyu.

"Malam, tun yaushe?"

"An daɗe, Hajiya. Na faɗa wa yaron nan. Na ce ko maganin ne ya ƙare muku."

Bai faɗa da zafi ba, shi ya sa ta fi yi wa Awaisu ciwo. Kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage.

"Manhajar ce ta..." ya fara.

"Ta gargaɗe ka ko ba ta gargaɗe ka ba?"

Ya sunkuyar da kai.

Ba ta kore shi a ranar ba. Ta sa aka kawo magani, ta ce shi zai goya tankin feshi da kansa, kuma da shaddar nan tasa. Ya yi feshi har la'asar, taɓo har gwiwa, Gwaggo na zaune a gindin itacenta tana nuna masa inda ya tsallake. Maganar tabbatar da shi kuwa, Hajiya ta ce ya bari sai wata damina, in ya koyi hanyar Ƙarfi. Kamfani ya ba Malam Sada haƙuri, ya yi masa ɗan ihsani, amma tsutsa ta riga ta gama cin rabonta.

Da kaka Awaisu ya je, wannan karon ba wanda ya aike shi. Ya tarar Malam Sada ya roƙi tamfol ɗin nan ya shimfiɗa a ƙofar gida yana shanya. A tsakiyar hoton an zana wata ƙatuwar bishiya da gawayi, karkatacciya. Gwaggo ce ta ce ba za a shimfiɗa shi a gidan ba sai an mayar da ita.

"Yana da amfani, ba ya jan raɓa," in ji Malam Sada. "Zauna mana, ɗana."

Awaisu bai iya zama ba. Masarar da aka girbe a gonar gaba ɗaya tana zube a gefe guda, ko rabin tamfol ɗin ba ta rufe ba. Sauran wurin duk masarar hoto ce, kore shar, da Malam Sada a tsakiya yana murmushi da sabuwar hula.