Kunun Yayen Mu'azu

A shekarun yaƙi, lokacin da Nasara sunka matsa wa kowa sai ya noma gyaɗa, babu gidan da za ka shiga a Gandi ba ka taka ɓawonta ba. Cikin waɗannan shekaru ne Baraka ta kai ɗanta Mu'azu yaye wurin uwar mijinta, Inna Kulu.

Mu'azu ɗan fari ne, don haka Baraka ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane. Ko faɗuwa ya yi, sai ta kau da kai har wata ta ɗaga shi. Amma akwai abin da ta gani da idonta. Sau biyu yaron yana lasar ƙuli-ƙuli, sau biyu leɓensa na kumbura, jikinsa ya yi rudu-rudu, numfashinsa ya riƙa fita da ƙara kamar ana busa sarewa. A na biyun har ta cire rai.

Saura kwana uku yaye, ta ce wa mijinta Lawwali, "Ka hwaɗa ma Inna, wancan ba shi cin gyaɗa. Kashe shi za ta yi."

Ya ce to. Sai dai shi ma yaron ɗan farinsa ne. Ya je ƙofar ɗakin uwarsa ya tsuguna, ya gaishe ta, ya yi zancen gero da na jakinsa mai ciwon baya, ya tashi. Bakinsa bai iya ɗaukar maganar yaron ba, bai kuma gaya wa Baraka ya kasa ba.

Ran yaye da hantsi, mata sun cika tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Baraka ta sauke yaron gaban Inna Kulu ta juya, don uwa ba ta waiwaye a irin wannan rana. Ta kai bakin zana ke nan, ƙamshi ya tare ta. Kunun gyaɗa ne, mai tsamiya.

Ta tsaya. 

"Inna," ta ce, ba ta juyo ba, "kunun ga da zahi."

"Na hura shi," in ji Inna Kulu. "Tahi abinki."

"Ko a dama mai na gero..."

Mairo, ƙanwar Lawwali, ta kwashe da dariya. "Ku ji min mata! Yau Baraka ta san abin da ɗan hwari ka sha. Kunyar taki kura ta ɗauke ta a hanya?"

Mata sunka yi shewa. Baraka ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Cikin shewar nan ta ji ƙarar ludayi ya taɓa ƙwarya. Ta waiwaya. Yaron na kan cinyar kakarsa, ya buɗe baki.

"Mu'azu!"

Baraka ba ta san lokacin da ta tsallake tarin gyaɗar ba. Ta buge ludayin daga hannun surukarta, kunu ya fantsama a zanen tsohuwar. Gidan ya yi tsit.

"Ni kika buge ma hannu?" in ji Inna Kulu a hankali.

Baraka ta durƙusa gabanta. Ta kama bakin yaron tana gogewa da gefen zanenta, don ɗigo ɗaya ya riga ya taɓa leɓensa. Tun tana gogewa wurin ya fara tashi. Kumatunsa ya yi ja, ya soma tari.

"Ruwa, Mairo," in ji Inna Kulu, muryarta ta sake. "Maza!"

Sunka wanke masa baki. Baraka ta ɗora shi a kafaɗa, ta kara kunnenta a bayansa tana sauraren ƙarar nan da ta sani. Babu mai ɓarar gyaɗa yanzu. Inuwar rumbu ta janye daga ƙafafunsu kafin tarin ya lafa, yaron ya fashe da kuka mai ƙarfi.

Inna Kulu ta daɗe tana duban leɓen jikanta.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kaka. Na aiko Malam ya hwaɗa miki."

"Lawwali? Zancen jaki ya kawo min." Ta tashi ta kife ƙwaryar kunun a bayan danga. "Ku kwashe gyaɗar ga ku kai zaure. Mairo, aro min sabon ludayi, wanga ba ya sake taɓa bakinai."

Sa'an nan ta miƙa hannu. Baraka ta ba ta yaron.

"Mi kuma ba shi ci?" in ji tsohuwar. "Zamna ki hwaɗa min duka. Tunda kin riga kin kira sunan, ba sauran abin ɓoyo."

Baraka ta zauna.