Bugu na Goma

Mutum tara Prescott ya harbe a kantin garin ranar Talata, sannan ya harbe kansa. Al'adar garin ce a kaɗa ƙararrawar coci sau ɗaya ga kowane mamaci, kuma shekara talatin ke nan Lurleen ce ke jan igiyar.

Ranar da za a kaɗa, tun safe ta kasa zama. Ta share matakalar cocin, ta sake sharewa. Sai ga Fasto Merle yana ta murza hannu.

"'Yar'uwa Lurleen, mahaifin Prescott ya roƙi a yi goma."

"Wanda ya saya mana ƙararrawar?"

"Yaron ba shi da lafiya. Ya sha wahala a ransa."

"Uhm. Dewey fa, ɗan matalautan nan da suka mai da tirela gida, da ya harbi mutum ɗaya? Kai da bakinka ka ce tsiyar a jininsu take. Ashe ciwon rai ma sai ɗan gidan bene."

"Harshenki dai, 'yar'uwa."

"Shi kaɗai ya rage min da kaifi, Fasto."

Amma da ya fita, hankalinta bai kwanta ba. Ita ta koyar da Prescott a aji uku. Ta tuna yaron da ake saukewa daga ƙatuwar mota, yana cin abincinsa a banɗaki don kada a ga ba shi da abokin ci. Wahalar ba ƙarya ba ce. To amma ajin nan cike yake da masu wahala, wasu ko abincin babu, kuma biyu daga cikinsu suna cikin taran nan.

Ƙararrawar tana da wani hali: in aka saki igiya bayan bugun ƙarshe, takan ƙara ɗaya da kanta, a hankali. In Lurleen ta saki, ba mai cewa ita ta yi.

Da tsakar rana ta fara ja. Ta taga tana hango iyalan mamatan a kan ciyawa, can baya kuma uwar Prescott ita kaɗai, leɓɓanta suna ƙirge. Bakwai. Takwas. Tara.

Igiyar ta fizga sama. Lurleen ta naɗe ta a hannu, ta ɗora mata duk nauyinta har fata ta ɗaye. Ƙarfen bai ƙara ba.

Uwar tana nan tsaye, kai a sama, tana jira. Lurleen ta sauko, ta ɓoye hannun a aljihu, ta kewaye masu kuka, ta je ta tsaya kusa da ita.