Bayoloji a Wurina, Fiziks a Wurin Ubanta

Da muka rabu da Wendell, abu ɗaya ne ba mu yi gardama a kai ba: 'yarmu Corinne za ta ci gaba da karatu a gida, mako ɗaya a wurina a Steinbach, mako ɗaya a gonar ubanta. Da ta kai matakin sakandare sai na sayo littafin Bayoloji muka fara, don da shi aka fara mana a zamaninmu. Ban ga abin neman shawara a ciki ba.

Wata Lahadi, bayan dusar ƙanƙara ta fara sauka, na kai ta bakin shagon shan kofi inda ubanta yake zuwa ɗaukarta. Tana fitowa daga mota jakarta ta buɗe, wani ƙaton littafi ya faɗo.

"Fiziks? Wannan na waye?" na tambaye ta.

"Nawa ne, Mama. Shi muke yi da Baba."

Wendell ya sauke gilashin motarsa. "Lafiya dai, Lorna?"

"Fiziks kake koya mata?"

"To me zan koya mata, saƙa? Da shi ake farawa. Wani malami a cocinmu ya ce shi ne tushe, sai Kemistiri, Bayoloji can ƙarshe."

"Ai mu Bayoloji muke yi tun Satumba!"

Ya fito ya tsaya yana sosa ƙeya. Muka juya wajen yarinyar.

"Na ɗauka zama kuka yi kuka raba a tsakaninku," in ji Corinne. "Har daɗi na ji."

Sanyi ya kora mu cikin shagon, na kira Verna, shugabar ƙungiyarmu ta iyaye masu koyarwa a gida, na buɗe muryar wayar kowa ya ji.

Verna ta ce wasu da Bayoloji suke farawa, wasu da Fiziks, ita kuma nata yaran da ilimin ƙasa da duwatsu suka fara.

"Akwai na huɗu kuma?" Wendell ya ce.

"Duk ba wannan ba," in ji Verna. "Lissafi ne zai raba muku gardama. Ina ta kai a aljebra?"

"Tambayi Wendell," na ce.

"Ni kuma? Ba ke ce mai lissafi ba?"

"Tun yaushe? Kai da ka ce da awo kake kwana kake tashi!"

Corinne ta ajiye kofinta a hankali. "Ban taɓa lissafi ba tun kafin hutun bazara. Na zaci an gama ne."

Ni da Wendell muka tsaya kallon juna har Verna ta tambaya ko wayar ta katse.

A ƙarshe Wendell ya ce a ajiye Fiziks sai baɗi. Corinne ta ce ba ta yarda ba, shi ta fi so. Na ce to a ajiye Bayoloji, ta ce yanzu aka zo wurin daɗin. Muka bar mata duka biyun, muka ƙara aljebra a kai, ni dai ban san ko daidai muka yi ba.

A bakin ƙofa Wendell ya rage murya. "Lorna, tsakaninki da Allah, kina tuna aljebrar nan?"

"Ko kaɗan."

"Ni ma haka."

Washegari na sake kiran Verna, na roƙe ta ta nemo mana malami.