Filin da Aka Share wa Baƙi

A jikin babbar taswirar da ke manne a bangon ofishin tsara gari, filin bai fi faɗin babban yatsa ba. Kore ne, a matse tsakanin layukan gidaje, kuma tun makon jiya aka soka masa jan fil a tsakiya. Duk ma'aikacin ƙaramar hukuma ya san ma'anar jan fil: fili ne na hukuma da ake shawarar sauya masa aiki. Wannan kuwa masu motocin haya ne suka ƙyalla ido suka gan shi, suna so a mayar musu da shi tasha.

Mai zanen taswirar ofishin ce ta soka fil ɗin da hannunta, don aikinta ne, amma ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba. A bakin filin nan aka haife ta, a cikinsa ta koyi tafiya. A can ba mai kiranta da sunan aikinta. 'Yar Hukuma suke ce mata tun ranar da ta fara fita da jakar takardu, sunan kuma ya bi ta, har mahaifiyarta da shi take kiranta idan tana jin tsokana.

Ƙa'idar hukuma a kan irin waɗannan filaye ba ta da wuyar ganewa. Idan jama'ar unguwa suna amfani da fili, sai a bar musu, a shigar da shi cikin tsarin gari a matsayin filin jama'a, ba mai sake taɓa shi. Idan kuwa a kwance yake ba ya tsinana wa kowa komai, sai a ba shi wani aikin. Kwamitin kansiloli ne ke zuwa ya duba, kuma abin da ya gani ranar shi yake rubutawa, don gani ya kori ji. A da ana sanar da ranar zuwa, sai mutane suka waye. Filin da ko akuya ba ta bi ta cikinsa, ranar dubawa sai ka tarar da shi cike da bencina na aro da 'yan ƙwallon da ba su san juna ba. Shi ya sa aka hana sanarwa, aka kuma ja kunnen ma'aikata cewa duk wanda bakinsa ya suɓuce ya kuka da kansa.

Filin unguwarsu ba ya bukatar aro. Cunkoso ma ya yi masa yawa. Baba Tela yana can da kekensa a gindin babbar bishiya, yana ɗinki yana raba gardamar da ba a sa shi ba. Igiyoyin shanya sun ratsa ta ko'ina, har sai dogon mutum ya sunkuya kafin ya wuce. Akwai bencin tsofaffi mai ƙafa uku, na huɗun dutse ne. Gwaggo da sauran mata sun jera gwangwanaye da tsofaffin bokitai a gefen katanga sun shuka tumatir da alayyafo, yara sun kafa sandunan gola, mai gyaran keke ya baje ƙarafansa. Duk taron da ya fi ƙarfin tsakar gida, na murna ko na kuka, nan ake fito da shi.

Abu ɗaya ne ya hana 'Yar Hukuma sukuni. Ta ga an sa zuwan kwamiti ranar Laraba da hantsi, lokacin da yara suke makaranta, maza sun fita nema, filin yana ɗan lafawa. Ta san ko a haka ma shaida ta isa, amma zuciya ba ta da ƙashi. Ta kwana biyu tana saƙa da warwara, daga baya ta yanke wa kanta wani hukunci irin na mai son cin haram da cokali: za ta faɗi ranar, amma ba za ta faɗi abin da ake son gani ba. A ganinta rabin magana rabin laifi ne.

Ta je gida ran Lahadi da yamma, ta tarar da Inna tana ninke wanki a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa da 'yar hira, ta rage murya.

"Inna, ranar Laraba da hantsi za mu zo da manya su duba filin nan."

Inna ta tsaya da zane a hannu. "Manya? Na wurin aikinku?"

"E, kansiloli. Don Allah kada ki gaya wa kowa."

"Ke ma da su za ki zo?"

"Ni ce zan nuna musu iyaka."

"To, madalla," in ji Inna, ta ci gaba da ninki. "Allah ya kai mu. Ki kwantar da hankalinki, 'Yar Hukuma."

Ta kuwa kwantar, abin da bai kamata ta yi ba. Ita da ta tashi a hannun matar nan, ya ci a ce ta tuna. Inna ce fa, wadda idan aka ce baƙo zai zo sai ta share har yanar rufin ɗaki, ta tura kofuna masu tsaga ƙarƙashin gado, ta kori kaji bayan gida. Baƙonka annabinka, haka take cewa, balle baƙon da yake gaba da 'yarka a wurin aiki. Kuma Inna ta cika alkawari, ba ta gaya wa kowa ba sai Baba Tela, shi ma don shi ba kowa ba ne. Shi kuma Baba Tela bai gaya wa kowa ba sai waɗanda suka zo karɓar ɗinki.

Ranar Laraba motar ƙaramar hukuma ta ɗebo su. Shugaban kwamiti yana gaba, wani dattijo mai sanyin magana, wanda ba a taɓa jin an ce ya ci na wani ba. A baya kansiloli ne, cikinsu har da wani matashi da aka ɗora wa ɗaukar hoto da waya. 'Yar Hukuma tana kujerar ƙarshe da naɗaɗɗiyar taswira a cinya, tana ta ƙiyasta abin da za su tarar. Ko yara ba su nan, ai shanya tana nan, Baba Tela yana nan.

Da motar ta karyo kwanar layinsu, sai ta ɗauka direba ya yi ɓatan kai.

Filin yana nan fayau, tun daga wannan katanga har waccan. Babu igiya ko ɗaya. Babu benci, babu bokiti, babu sandar gola, ramukansu ma an cike an daddaɓe. Gindin bishiya wayam, ko zare ɗaya ba a bari ba. An yayyafa ruwa an yi shara irin ta gwanaye, sawun tsintsiya ya kwanta layi-layi kamar an taje kai. Mutanen unguwa kuwa suna tsaitsaye a bakin ƙofofinsu cikin wankakkun tufafi, sun harɗe hannu, ba wanda ya yarda ya taka ciki don kada ya ɓata sharar. Ita kanta ba ta taɓa sanin filin yana da girma haka ba.

"Kai, wannan ai ya ɗauki motoci da yawa," in ji matashin kansila, ya ɗaga waya ya fara aikinsa.

Shugaban kwamiti ya sauko a hankali, ya yi sallama, aka amsa masa baki ɗaya. Ya taka zuwa tsakiya, takalminsa ne sawu na farko a kan sharar. Ya duba gabas ya duba yamma, sannan ya yafito Baba Tela, don shi ne ya fi kowa furfura a wurin.

"Baba, sannu da hutawa. Me kuke yi da filin nan ne?"

Baba Tela ya ɗan rusuna. A ƙuruciyarsa, a wata unguwa, ya taɓa kafa rumfa a gefen titi, ma'aikata suka zo duba wuri suka tafi da kekensa a bayan mota. Tun daga ranar ya san abin da hukuma take nema idan ta ce za ta duba fili, wanda maciji ya sara kuwa ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

"Mu, ranka ya daɗe? Ba ma yin komai da shi," ya ce. "Filin hukuma ne. Mu su wa da za mu taɓa kayan hukuma?"

"Ko yara ba sa wasa a ciki?"

"Yaranmu suna da tarbiyya, ranka ya daɗe."

Shugaban ya juya ga matan da ke bakin ƙofa. "Haka ne?"

"Haka ne," suka ce, har da gyaɗa kai. Inna ce ta fi kowa gyaɗawa, idonta a kan 'yarta, fuskarta cike da fara'a.

'Yar Hukuma ta so ta ɗaga murya ta ce, Baba, ina kekenka? Gwaggo, ina tumatirinki? Amma wa zai ƙaryata dattijo a gaban baƙi, a kuma gaban unguwarsa? Ta warware taswira ta nuna iyaka kamar yadda aka sa ta, daga kusurwa zuwa kusurwa, muryarta kamar ta aro. Sai da suka juya za su koma mota ta sha gaban shugaban, inda sauran ba za su ji ba.

"Ranka ya daɗe, ina da magana. Ba haka filin nan yake ba. Kullum a cike yake, wallahi ko wurin sa ƙafa da ƙyar ake samu. Kwashewa suka yi."

"Don me za su kwashe?"

Ta san abin da amsar za ta iya jawo mata, amma magana ta riga ta zo baki.

"Sun san za ku zo. Ni na faɗa wa mahaifiyata. Unguwarmu ce."

Dattijon ya dube ta. Babu fushi a fuskarsa, abin da ta gani ya fi kama da tausayi, shi ne kuma ya fi yi mata ciwo.

"'Yata, wannan maganar ban ji ta ba, ki bar ta a nan," ya ce. "Amma ki duba mini. Da ba su sani ba, sai in ce mun zo a ranar da ba ta dace ba, mu sake dawowa. Yanzu kin ce sun sani. Ko'ina muka je, wanda ya san da zuwanmu cika fili yake yi. In na koma na ce wa majalisa waɗannan sun sani ne shi ya sa suka kwashe, wa zai yarda? Kuma da wane baki zan faɗa ba tare da na ambace ki ba?"

"Ranka ya daɗe, tsoro ne da kara. Sun ɗauka..."

"Na gane. Ni ma a irin wannan layin na tashi." Ya gyara hularsa. "Sai dai ba ni kaɗai na zo ba. Ga hotuna, ga abin da dattijo ya faɗa a kunnen kowa. Abin da muka gani shi za mu rubuta. In an liƙa sanarwar sauya wa filin aiki, doka ta ba su damar ƙorafi, sai su zo su faɗi akasin abin da suka faɗa yau. Allah ya sa a saurare su."

Ta roƙi izinin tsayawa ta gaida gida, ya ba ta. Motar ta tashi, mutanen unguwa suna ɗaga mata hannu har ta sha kwana.

Ƙurarta ba ta kwanta ba layin ya ɓarke da hayaniya. Ƙofofi suka buɗe, kaya suka fara fitowa. Samari biyu suka rungumo keken Baba Tela, shi kuma yana biye yana yi musu faɗan kada su buga masa ƙafa. Aka fito da benci, aka shiga neman dutsensa, wani ya ce ai an jefa shi bayan katanga. Gwaggo tana jan bokitin tumatir tana mita, wai kwana biyu a ɗaki duk ganyen ya yi yaushi. Ana ta dariya ana tafawa, kowa yana ba da labarin yadda ya amsa wa manya ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

"Kin ga yadda na rufa mana asiri?" Baba Tela ya ce da 'Yar Hukuma yana wucewa. "Ai ni na san su. Da sun ga keken nan, da yanzu yana bayan mota."

Tana tsaye a inuwar bishiya da taswira a hammata, tana kallon mace ta farko da ta fara ɗaura igiyar shanya, sai ta ji an dafa kafaɗarta. Inna ce, riƙe da kofin ruwa, cikin mayafinta na zuwa unguwa. Tafin hannunta duk ya yi kanta, a gindin yatsa ma fatar ta saluɓe.

"Sha, kin sha rana," in ji Inna. "Tun shekaranjiya muke abu ɗaya, bayana kamar zai ɓalle. Na ce musu, yarinyar nan ita kaɗai gare mu a hukuma, ba za a ce daga juji ta fito ba." Ta leƙa fuskarta, murya ta yi ƙasa. "Ba mu dai ba ki kunya ba ko?"

'Yar Hukuma ta karɓi kofin da hannu biyu. Gobe ma rana ce, dole ta tara su ta yi musu bayani, dole wani ya gaya wa Baba Tela abin da amsarsa ta jawo. Amma yau ga hannun Inna a gabanta.

"A'a, Inna," ta ce. "Sun ce ba su taɓa ganin fili mai tsabta irin wannan ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna, ta sauke ajiyar zuciya. "To, wahalarmu ba ta tafi a banza ba."