Aljihun da Almakashi Ta Farke

A kamfanin ɗinkin nan ba a kiran mutum da sunan da iyayensa suka raɗa masa, da abin da yake ɗinkawa ake kiransa. Akwai Mai Wuya, akwai Mai Maɓalli, akwai kuma Mai Aljihu, wadda kekenta ke ƙarshen layi, ƙarƙashin wata fitila mai ƙifta ido. Daga safe har yamma aljihun wando take liƙawa, amma abin takaici, rigar aikin da ke jikinta ba ta da aljihu ko ɗaya. Dokar Madam ce, shugabar ma'aikata, wai don kada a saci zare. Jakunkuna kuwa tun daga ƙofa ake kulle su a kabad, makullin yana rataye a wuyan Madam tare da wani ɗan almakashi. Shi ya sa a bayan idonta kowa ke ce mata Almakashi.

Mai Aljihu tana fama da ciwon ɓarin kai, irin wanda duk wanda bai taɓa yi ba yake cewa raki ne. Yakan fara da wani walƙiya-walƙiya a gefen idonta na hagu, daga nan sai sara kamar ana kafa ƙusa a bayan idon, sai amai, sai ƙarar kekuna ta koma azaba. Yayarta, wadda suke zaune ɗaki ɗaya tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta gaji da jiƙa tsumma ta ja ta asibiti.

Likitan bai rubuta komai ba sai da ya titsiye ta da tambaya: zuciya fa, hawan jini fa, tana da ciki? Sannan ya ce, "Da zarar ciwon ya fara ki sha ɗaya, kada ki bari ya kankama. In ya lafa ya dawo, bayan awa biyu ki ƙara ɗaya, na ranar ya ƙare ke nan. Kada ki mai da shi na kullum, sai ya haifar miki da wani ciwon kan. Kuma kada ki sam wa kowa, ko Yayar taki. Yana matse jijiyoyin jini ne. Mai ciwon zuciya in ya sha, ana iya rasa shi."

Maganin ya karɓe ta sosai. Matsalar ɗaya ce: magani yana jaka, jaka tana kabad, makulli yana wuyan Almakashi. Ta je da ladabinta ta yi bayani, Madam ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wa kansa ba ya ciwo a gidan nan? Ki jira lokacin hutu."

Ciwo kuwa bai san lokacin hutu ba. Don haka Mai Aljihu ta yi abin da ta fi kowa iyawa: ta ɗinka ɗan aljihu ta cikin rigar, daidai faɗin katin maganin, ɗinkin da ko ita sai ta laluba take ganewa. Ta yi watanni lafiya lau.

Ranar da abin ya ɓaci, walƙiyar ta zo ta wuce, saran ya fara, ta zura hannu ƙarƙashin riga, sai ta ji an damƙe mata wuyan hannu. Madam ce. A gaban kowa ta ɗaga bakin rigar, ta sa almakashi ta farke ɗinkin, katin ya faɗo ƙasa. Zare ta zo kamawa, da ba ta samu ba sai ta ɗaga katin sama.

"Jama'a, ku gani! Ashe 'yar ƙwaya muke zaune da ita!"

"Madam, magani ne, likita ne ya rubuta min. Don Allah ki bar ni in sha ɗaya."

"Ki daure, ciwon kai ne kawai."

Ta haye ofishinta da katin, ta jefa a durowa. Kafin a tashi aiki Mai Aljihu ta durƙusa ta yi amai a kwandon ƙyallaye, Madam ta leƙo daga sama ta ce in ta gama wasan kwaikwayon ta wanke kwandon.

Ciwon ya kwantar da ita ya tafi, amma sunan bai tafi ba. Mai gadi ya fara kallonta sheƙeƙe. Mai shagon bakin titi ya daina bar mata shago ta jira masa. Yaya ta yi ta jan Allah ya isa, ta sake karɓo mata wani maganin, amma ina amfaninsa a kabad? Mai Aljihu dai ta tsani Madam, tsana ta gaske, kuma ba ta nemi abin ya huce ba. Duk aljihun da ta ɗora a keke, fuskar Madam take gani a ƙarƙashin allura.

Wata rana da hantsi aka ce Madam na kiranta. Ta hau matakalar da kowa ya san Madam ba ta iya gama ta sai ta tsaya a tsakiya, ta dafe ƙirji, ta sa wata 'yar ƙwaya ƙarƙashin harshe. Ciwon zuciyarta ba ɓoyayye ba ne.

Ofishin duhu, an ja labule. Madam ta tallafe kai da hannu ɗaya, idanu jajir. A gabanta ga kofin ruwa, ga katin nan da ta ƙwace, har ta ɓallo ɗaya tana riƙe da ita.

"Rufe ƙofa," ta ce a hankali. "Kaina zai tsage. Wannan abin naki, guda nawa ake sha?"

Wani sanyin daɗi ya ratsa Mai Aljihu tun daga kai har ƙafa. Ba ita ta ba ta ba, ba ita ta ɓallo ba. Kalma ɗaya ce kawai za ta faɗa, ta ce biyu, ta sauka ta koma kekenta. Ko ma ta yi shiru ta ɗaga kafaɗa. Ta ji kalmar ta hau kan harshenta, ta tuna kwandon nan da ta wanke tana ganin bibbiyu.

Ba tausayi ne ya tare ta ba, kada a yi mata ƙarya. Tunani ta yi: in matar nan ta shiɗe a nan, cewa za a yi ƙwayar 'yar ƙwaya ce ta kashe ta. Za ta tafi ke nan ba ta janye maganarta ba, ta bar mata sunan har abada. Ai wannan arha ta yi yawa.

Ta fizge katin, ta ɓamɓare wadda ke hannun Madam, sannan ta wangale ƙofar har ta bugi bango. Kekuna suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya.

"Madam, ki maimaita, na ƙasa ba su ji ba. Wannan da kike son sha, ƙwaya ce ko magani?"

"Ke, ba ki da hankali ne? Rufe ƙofar nan."

"Ƙwaya ce ko magani?"

Madam ta runtse ido saboda hasken da ya shigo. "Magani ne."

"Mai Wuya tana can ƙarshe, kunnenta ba ya ji sosai."

"Na ce magani ne!" Ta miƙo hannu. "Ba ni, don Allah."

"Ba zan ba ki ba. Likita ya ce mai ciwon zuciya in ya sha, ana iya rasa shi. Nawa ne, ni aka auna aka rubuta wa." Ta ɗan sunkuyo, ta sassauta murya yadda za ta shiga sosai. "Ki daure, Madam. Ciwon kai ne kawai."

Sannan ta leƙa ƙasa ta ce wa Mai Maɓalli ta kira direba maza, a kai Madam asibiti, don idon nan bai yi mata kama da na lafiya ba.

A asibiti aka tarar jininta ne ya hau sosai. Mai Maɓalli da ta raka ta ta dawo da labarin cewa da likita ya ji abin da ta so sha, sai da ya ajiye biro ya dube ta. Kafin yamma labarin ya kai bakin mai gadi, ya tsallaka titi ya kai shago.

Ranar da Madam ta dawo aiki, ta bi layi a hankali kamar yadda ta saba, har ta iso ƙarshe. A ƙirjin rigar Mai Aljihu, ta waje, ga aljihu ja wur, an ninka masa ɗinki, kan katin maganin yana leƙowa. Hannun Madam ya kai kan almakashin wuyanta ya tsaya. Mai Aljihu ta ɗago ta dube ta ido cikin ido.

"Sannu da jiki, Madam. Ya kan?"

Madam ta saki almakashin, ta wuce. Gobe ma za ta biyo ta nan ta ga aljihun, jibi ma haka, don dama saboda haka aka bar ta da rai.